Cinikin Bahago

Shugaban ƙungiyar ƙwallon ƙafa yana tsugune a bayan kabad ɗin kofuna, yana ɓuyar wa matar da ke dafa wa 'yan wasa abinci, sai Ma'aji ya leƙo ya raɗa masa cewa mutumin ya iso.

Ɓuya ta zame wa Shugaba sana'a. Banki na binsa, bakanike ya riƙe motar 'yan wasa, albashi kuwa an daɗe ba a ji ƙamshinsa ba. Injin yankan ciyawa ma an sayar, har mai tsaron gida ya fara ƙorafin cewa ba ya hango ƙwallo sai ta shiga raga.

Kadara ɗaya ta rage wa ƙungiyar, ita ce Bahago, ɗan wasan gaba mai ƙafar hagu kamar guduma. Shi ma kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, in ya ƙare kuwa tafiyarsa zai yi kyauta. Duk sanda aka miƙa masa biro ya sabunta, sai ya sosa ƙeya ya ce akwai wata magana da yake jira, da ta tabbata zai sa hannu.

Abin da ya hana Shugaba haukacewa shi ne alƙawarin wani dillalin 'yan wasa. Ya ce wata babbar ƙungiya za ta turo mutum a asirce, ba waya, ba sanarwa, ya duba yaron da idonsa.

Ga shi kuwa. Wani dattijo ne mai furfura, tsaf da shi, ya hau can saman benci ya zauna shi kaɗai. Ƙwallo ta yi gabas, ta yi yamma, shi dai idonsa na kan Bahago. Ya kalli yadda yake gudu, ya kalli yadda yake amsa wa koci, har shan ruwansa bai bari ya wuce shi ba.

Shugaba ya aro fanka daga shagon aski, ya ci bashin lemo mai sanyi, ya sa aka shigo da baƙon ofis.

“Na zo ne a kan yaron nan, Bahago,” in ji dattijon. “Ni ne…”

“Ba sai ka faɗa ba, ranka ya daɗe. Mun san da zuwanka.”

“Ashe labari ya riga ni. To, an ce ku kuka fi kowa saninsa, mu kuma ba ma son mu karɓi mutum da ka.”

Dattijo ya tambayi lafiyar yaron, Shugaba ya ce ko mura tsoronsa take ji. Ya tambayi halinsa, da abokansa, da ko yana shaye-shaye. Shugaba ya wanke shi tas. Da aka zo kan albashi, sai ya ninka shi har Ma'aji ya ƙware da lemo. Dattijo ya yi ta gyaɗa kai, fuskarsa ta saki.

Nan fa Shugaba ya ga kasuwa ta buɗe. Ya san ba a tsadar kaya sai an ji masu so sun yi yawa.

“Sai dai fa ku hanzarta,” ya ce, yana rage murya. “Ba ku kaɗai ba ne. Rububinsa ake yi.”

Dattijo ya ajiye kwalba. “Wato akwai wasu?”

“Akwai wata mai kuɗi, ta yi masa alƙawarin gida da mota. Wata kuma har ya je ya kwana biyu a wurinta, ta gwada shi, ta ce ba ta taɓa samun mai ƙarfinsa ba. Kullum sai ta bugo waya.”

“Shi kuma ya yarda?”

“Ai Bahago ba ya ƙin tayi. Kafin ya zo nan ya yi zama da wajen huɗu. Ba ya daɗewa wuri ɗaya, da ya ga wadda ta fi maiƙo sai ya tattara takalmansa.”

Gumi ya tsattsafo wa dattijon duk da fankar aro. Shugaba ya ƙyafta wa Ma'aji ido. Kifi ya haɗiyi ƙugiya.

“Amma ku na ga mutanen kirki ne. Ku ajiye kuɗi a teburin nan, gobe ku tafi da abinku.”

“Mu ne ma za mu biya?”

“To wa zai biya? In kuma kuɗin bai cika ba, sai mu ba ku shi aro na shekara guda. Ya yi muku, ku riƙe. Bai yi ba, ku dawo mana da shi.”

Dattijo ya miƙe a hankali, ya ce Allah ya saka da alheri, wannan gaskiyar ba kowa zai faɗa masa ita ba. Ya fita ko waiwaye babu.

Ma'aji ya tsorata, amma Shugaba dariya ya yi. Ya ce haka manyan masu saye suke, sai sun ɓata rai don a rage musu farashi. Har ya fara tunanin wa zai fara biya, banki ko mai abinci.

Suna tsaye a bakin ƙofa motar dattijon ta fice da gudu. Sai ga Bahago ya sheƙo daga fili, ko takalmi bai cire ba, yana haki, bakinsa har kunne.

“Shugaba, Allah ya sa kun faɗi alheri a kaina! Kawo biron ma yanzu in sa hannu. Wancan ai baban yarinyar da zan aura ne.”