Ram Mai Jiga Takwas

"DDR4 ce, jiga takwas, sabuwa dal," in ji Zayyadu mai gyaran ordinata, wato kwamfuta. "Jika ashirin, Madam. Injinki zai daina nauyi."

Ƙarya yake yi. Daga wata tsohuwar ordinata ta mahaƙar Akokan ya ciro ram ɗin, 'yar ƙwaƙwalwar da ke ƙara wa inji sauri.

Madam Veronika ta miƙa hannu ke nan, sai wani abu ya fara ƙyas-ƙyas cikin jakarta. Duk garin Arlit an san ta, shekara ashirin tana awon gubar uraniyom kafin a rufe mahaƙar. Ta ciro na'urar awon, ita ce ke ƙarar.

Zayyadu ya ɗauka ram ɗin ce ta ta da na'urar. Yau asiri ya tonu.

Ta fita ƙofar shago da ram ɗin, ta kara mata na'urar. Shiru.

"Kin gani? Kayana lafiya lau!" Ya yi dariya.

Ita ba ta yi ba. Ta dawo ciki tana bin ƙarar, har bayan teburinsa, inda na'urar ta kama ihu.

"Malam Zayyadu, wa ya ƙera maka wannan ɗan gadon?"

"Maƙeri, da ƙarafan da mahaƙa ta zubar. Me ya faru?"

Wata bakwai ke nan jaririyarsa Siddiƙa tana barci a kai.