Tashar da Dalila Ta Haƙa

Jirgin ya shigo Greensboro da la'asar. Dalila ta sauko da jaka ɗaya, da tikitin komawa biyu a aljihun kwat, nata da na mahaifinta.

Jibi za a buɗe sabuwar tashar jirgin ƙasa a babban birnin da take aiki, can arewa. A ƙarƙashin tituna da benaye aka gina ta, jiragen garuruwa masu nisa su shigo ta rami su fita ta rami. Dalila injiniya ce, tana cikin waɗanda suka haƙa. Ƙuruciyarta duk a can ƙasa ta ƙare, da hular kwano da takalman roba. Abu ɗaya take so: mahaifinta Alhaji Mahamane ya tsaya a tsakiyar wurin, ya ɗaga kai ya kalli rufin, ya ce ya yi kyau.

Bai taɓa cewa wani abu nata ya yi kyau ba. Ita ce 'yar fari, shi kuwa mutumin Damagaram ne na da. Ba ya kiran sunanta, ba ya haɗa ido da ita cikin mutane. Mahaifiyarta ta sha gaya mata kunya ce, haka ake yi a gida. Dalila kuwa a titin Gate City Boulevard na nan Greensboro ta tashi, a makarantar da iyaye ke rungumar 'ya'yansu a bakin ƙofa. Bayanin bai taɓa isarta ba.

Ranar da ta ce ta samu aikin rami, cewa ya yi ƙarƙashin ƙasa wurin matattu ne, mai rai ba ya neman abinci a can. Ta tafi duk da haka. Da mahaifiyarta ta rasu, ta zo ta durƙusa ta gaishe shi cikin 'yan zaman makoki. Ya amsa da kai yana kallon tabarma. Daga nan magana ta ƙare.

Hotuna dai ba ta fasa aikawa ba: dakalin jiran jirgi, fitilu, matakala mai tafiya da kanta. Ba amsa. Labarinsa wajen ƙanwarsa Anti Hamsatou take ji. Ya sayar da tasinsa. Ya bar zuwa hira shagon 'yan Nijar. Masallaci ma sai in maƙwabcinsa Malam Salissou ya ɗauke shi. Tsufa ne, in ji Anti, da kewar matarsa.

Sai ga kiran Anti a farkon mako.

"Yaya ya ce ki zo ki tafi da shi. Da kansa zai tare ki a gar, nan tashar jirgi."

"Shi ya faɗa, ko ke kika sa shi?"

"Ke dai ki zo, 'yar nan. Kin faye tambaya kamar lauya."

A cikin jirgi ta yanke shawara. Wannan karon ba za ta fara magana ba, ta gaji da gaisuwar da ke faɗuwa ƙasa. Za ta tsaya a gabansa kawai. In ya dube ta, komai ya wuce.

Ta bi hanyar da ta ratsa ƙarƙashin layin dogo, ta fito zauren jira. Ga shi can a kan benci shi kaɗai, ya fuskanci ƙofar da fasinjoji ke fitowa. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Ya rame. Akwai tabon shayi a gaban rigar, shi da a da ko ƙura ba ya bari ta zauna masa. Zuciyarta ta karye, amma ta dake.

Ta je ta tsaya a gabansa, kusa har tana jin ƙamshin turarensa.

Alhaji Mahamane yana jan carbi. Ya ɗan karkata kai wajen ƙofar. Mutane na wucewa da akwatuna, wata yarinya ta ruga ta faɗa jikin kakanta tana ihu. Idonsa ya biyo ta kan Dalila, ya wuce ta, ya koma ƙofa. Ta cire tabarau. Ta gyara ɗankwali. Ta ajiye jaka a ƙasa da ƙarfi. Sai ya janye ƙafafunsa, kamar yadda ake ba baƙo hanya.

Ta tsaya har zauren ya watse. Da aka yi shelar jirgin da zai koma arewa, ta ɗauki jakarta. Ba ta yi kuka ba sai da ta shiga ƙarƙashin layin dogo, inda ba mai ganinta.

Jirgin ya tashi ke nan Malam Salissou ya shigo yana haki, mabuɗin mota a hannu.

"Alhaji, a yi haƙuri, fakin ne ya gagara, sai da na zaga gari. Ina ita?"

"Ba ta fito ba tukuna. Wani dai ya tsaya min a gaba da daɗewa, bai ce komai ba ya tafi." Tsohon ya miƙa hannu yana laluben iska, har ya kama hannun rigar Salissou. "Zauna nan ka duba min ƙofar. In ka hango ta ka taɓa ni, in miƙe. Kuma kar bakinka ya suɓuce ka gaya mata idanun nan sun mutu tun bara. So nake ta kai ni wurin nan nata, ta nuna min, in ce mata ya yi kyau."