Hotunan Wayar Bature

"Waya ai waya ce," in ji Abdulwahabu, yana yi wa amininsa Bature dariya don ya nace sai wadda ke tura hotuna zuwa kwamfutarsa da kanta.

Da aka harbe Bature a hanyar Zugu, aka ɗauke wayar, Abdulwahabu ne ya kawo gawa Gummi. Shi ya riƙe marayu. Surayya, matar Bature, na fita takaba, ya aure ta.

Ranar tarewa ta jona kwamfutar marigayi da intanet, don ta yi wa fuskarsa kallon bankwana. Sai ga sababbin hotuna daga wayar da aka ɗauke: Abdulwahabu a daji, bindiga a kafaɗa, yana murmushi.

"Amarya, me kike kallo?" ya tambaya, yana zura wa ƙofa sakata.