Wa Ya Taɓa Gangar Murdo?

Murdo Rennie ya zare toshiyar ganga, ya zura bututun tagulla ya ɗebo giyar wuski, ya zuba a ɗan kofin gilashi mai tsukakken baki. Ya jujjuya shi, ya kai hanci. Ya ɗiga ruwa kaɗan don ƙamshin ya buɗe, ya sake shinshinawa, sannan ya kurɓa. Zafin yana nan, ya bi maƙogwaro har ƙirji. Amma ƙamshin zumar nan da na busasshen inabi da ɗan hayaƙin da ya sha wahalar haɗawa, babu ko ɗaya.

An taɓa masa ganga.

A garinmu na Scotland kowa ya san hancin Murdo, da shi ya ci, da shi ya gina gida. Sana'arsa sayo wuskin sha'ir zalla daga masu dafawa daban-daban, na tsibiri da na kan tudu, ya haɗa su a ganga guda su kwanta tare, sannan a ɗura a kwalba da ƙarfinta, ba a surka da ruwa ba. Ga shi da zargin tsiya, ko inuwarsa bai gama yarda da ita ba.

Bai taɓa ba kowa makullin sito ba sai hunturun da ya wuce, da mura ta kwantar da shi, ya miƙa wa Euan, mijin 'yarsa Rhona. Tun da Murdo ya tashi daga jinyar, komai ya lalace. Hatta shayin ofis an canza shi da wani na banza, ruwan zafi ne kawai mai launi. Kyafaffen kifin da Rhona ke kawo masa ma ya zama lami, alamar hankalinta ya bar kan ubanta.

Ya auna ƙarfin giyar, ya tarar bai ragu ba. Wannan ya ƙara tayar masa da hankali. Ɓarawon da ya cika ganga da ruwa wawa ne. Wanda ya kwashe mai kyau ya mayar da ɗanyar giya marar ƙamshi, don ma'auni ya rufa masa asiri, ɗan gida ne da ya san aikin.

Sai Murdo ya fara laɓe. Wata safiya ya ritsa Euan a sito yana bin ganguna ɗaya bayan ɗaya da kofi a hannu.

"Kai, me kake yi a nan da sassafe?"

"Dubawa kawai nake, Baba."

"Dubawa? Kafin a haife ka wa yake dubawa?"

Euan ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja. Daga baya Murdo ya gano cewa wata gangar wuski mai ƙamshin hayaƙi da ya ce a ƙara a haɗin tana nan a toshe, ba a taɓa ta ba. Yaron ya fara yi masa gyara a bayan idonsa ke nan. Idan kuma Murdo ya shigo ɗaki, sai Euan da Rhona su yi tsit. Wannan shirun ya fi satar yi masa ciwo.

Ana gobe taron ɗanɗano, ranar da masu saye ke zuwa daga Glasgow da Edinburgh kafin a ɗura kwalabe, Rhona ta same shi yana goge kofuna.

"Baba, ka huta bana mana. Ka bar wa Euan ya jagoranci taron."

"Iye? Har kun gama rabon gadon ina raye?"

Ta fita tana share ido.

Murdo ya riga ya shirya. A can cikin kabad ɗinsa akwai kwalbar haɗinsa na farko, wadda ya liƙe bakinta da jan kaki da hannunsa tun Rhona tana rarrafe. Zai zuba ta gefe da ta gangar a gaban kowa, hancin jama'a ya yi shari'a. Daga nan Euan ya ajiye makulli, kuma a duk faɗin Scotland ba mai sake ba shi ko sharar sito.

Da la'asar ɗakin ya cika. Aka zagaya da ta gangar, da cuku da biskit ɗin alkama. Baƙi suka shinshina, suka kurɓa, suka yi ta gyaɗa kai suna yabo. Murdo ya taɓe baki. Mutanen birni, ko ruwan wanke kwano ka ba su a kofi mai kyau sai sun yaba.

Ya miƙe ya dire tsohuwar kwalbar a kan tebur.

"Jama'a, a gidan nan akwai ɓarawo. Yanzu za ku ji bambancin wuskin Rennie da abin da aka ba ku."

Euan ya yi fari fat. Rhona ta riƙe hannun ubanta.

"Baba, don Allah kada ka buɗe. Ba a nan ba."

Ya fizge hannunsa. Ya duba kakin, ko ƙwarzane babu. Ya fasa shi da wuƙa, ya zare toshiya, ya tsiyaya. Kafin ya ajiye kwalbar, wani tsoho a can ƙarshen tebur ya lumshe ido ya ja dogon numfashi.

"Kai, Murdo! Wannan hayaƙin har nan ya iso."

Murdo ya yi murmushin nasara yana kallon surukinsa. Ya ɗaga kofin, ya cusa hancinsa ciki, ya shaƙa har ƙirjinsa ya cika. Bai ji komai ba, kamar yadda bai ji ƙamshin komai a duniya ba tun ranar da ya tashi daga murar nan.