Tumbin Aro

Na ɗaga kyamara ke nan, tsoho mai gyaran takalmi ya ce in dakata.

Shekara shida ina ɗaukar hoton mutane a bakin titi, kowa sai ya tsuke tumbinsa tukuna. Shi kuwa wannan, siriri kamar tsinke, ya ja numfashi ya turo ciki gaba.

Na ce, "Baba, mutane ɓoye nasu suke yi, kai kuma aro ka yo?"

Ya ce, "Yi sauri, ɗana, kafin ya sace. 'Yata tana nesa, tana kallon hotunanka a waya. Tun rasuwar mahaifiyarta, tambayarta ɗaya ce kullum: Baba, ka ci abinci?"

Na durƙusa, na ɗauki hotonsa daga ƙasa, inda tumbi ya fi fitowa.