Kyarkecin Alhaji Musah

Alhaji Musah ya suɗe yatsunsa, ya tura faifan DVD cikin na'ura, ya koma kujerar marigayi ya miƙe ƙafa.

Kujerar mijin Hajiya Abibatu ce, mahaucin da ya rasu ya bar mata shagon nama a unguwar Moss Side da flat, gidan kwanan da ke samansa. Ta yi masa takaba yadda ya kamata, ko bikin ƙanwarta ba ta je ba. Tana fita ta ɗaura ɗamara ta tsaya a shagon, kuma duk dillalin da ke kawo mata nama ya san in ta taya ba ta ƙarawa.

Shi ya sa aka yi mamaki da ta fara kula Musah. Bara ya dawo Manchester daga Birmingham, yana tura tsofaffin motoci tashar jirgin ruwa ta Tema, can gida. Kowa ya san shagon yake so. Kowa ya san akwai matar da ya bari a Erdington can Birmingham, Sadiatu, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, ya kuma rantse sai ta tsufa a haka. Mata sun faɗa wa Abibatu har sun gaji. Ita dai kowace Juma'a, ana sakkowa daga masallaci, tuwon zafi da miyar ayoyo na jiransa, ƙofar kicin a rufe don kada hayaƙi ya tayar da ƙararrawar gobara. Da farko a tsaitsaye yake ci yana waige. Yanzu har safa yake cirewa.

Yau ce ranar tsayar da magana. An gayyato liman, Malam Abdul-Shakur, da ƙanen marigayi, Abdul-Rashid. Musah ya ce kafin komai sai sun ga irin namijin da zai shigo gidan.

Hoton ya buɗe da kiɗa da dusar ƙanƙara. Dajin Kanada ne. Ga Musah cikin farar riga mai kauri, yana sanɗa, ya durƙusa ya shafa sawu, ya ɗora yatsa a baki. Sai ga kyarkeci, ƙato, ruwan toka, ya fito daga itatuwa. Bindiga ta tashi. Dabbar ta yi ta jan ƙafafun baya a ƙasa, jini na bin ta, kiɗan na ƙara zaƙi. A ƙarshe Musah ya taka wuyanta yana dariya.

"Me yake ci lokacin da ka harbe shi?" in ji Abibatu.

"Mushen barewa, Hajiya. Ai nan dabarar take." Musah ya gyara zama. Baturen da ke kai su, in ji shi, makonni yake yi yana ajiye mushe a wuri ɗaya, ɗaure da sarƙa. Kyarkeci ya zo ya shinshina ya gudu. Ya dawo ya gutsura. A kwana a tashi ya ɗauka gonar ubansa ce. Kai kuwa kana cikin bukkar katako, ga hita, ga shayi, bakin bindiga kawai ke leƙe ta taga.

"To sanɗar fa?" in ji Abdul-Rashid.

"Washegari muka ɗauka. Sau huɗu na maimaita kafin ta yi kyau."

Liman ya kawar da kai. Abibatu ta ture kwanonta. Ta dubi maiƙon miya a gemun Musah, ta dubi yatsun ƙafarsa a kan kafet ɗinta.

"Ka ciyar da abu har ya yarda da kai," ta ce a hankali.

"Yunwa ce ta kashe shi, ba ni ba."

Ta kashe talabijin. Ta ce sharaɗinta ɗaya ne. Ba ta neman sadaki mai yawa, ba ta neman lefe. Amma ba ta ɗaure akuyarta a turken da igiyar wata ke reto.

Musah ya ɓata rai. Ya ce yarinyar Erdington ba ta da kunya, horo yake mata. Abibatu ta miƙe ta fara nema masa takalmansa. Ta taga ana hango layin masu sayen naman Juma'a har bakin titi, shi ma ya hango.

"Shi ke nan. Na saki Sadiatu saki ɗaya."

"Uku."

"Hajiya, ɗaya ma ya wadatar," in ji liman.

"Ɗaya ana komawa, Malam. Uku."

"Biyu," in ji Musah.

Ta ajiye masa takalman a gabansa.

Ya dubi liman, ya dubi Abdul-Rashid, ya furta ukun a fili, da sunanta da na ubanta. Liman ya tambaye shi ko da hankalinsa, ko wani ya tilasta shi. Ya ce da hankalinsa, babu tilas. Shaidu suka ce sun ji.

Musah ya saki ajiyar zuciya, ya jawo kwanon nama gabansa.

"To, amarya, yaushe za a ɗaura?"

Abibatu ba ta ko dube shi ba. Ta je ta buɗe ƙofar kicin. Sadiatu, ƙanwar nan da ba ta je bikinta ba, ta fito da muciya a hannu, idanunta jajur, ta ce, "Yaya, in sauke tukunyar ke nan, ko sati mai zuwa ma zan zo?"