Tambayar Mushe

A makarantarmu ta Garwa akwai wani ƙaton malami Ba'amurke, muna kiransa Mushe, wato malam da Faransanci. A ƙasarsu sana'arsa gudu da ƙwallo a ƙirji, ƙarti suna maka shi da ƙasa, kansa ya sha bugu.

Wata la'asar yana koya mini riƙon ƙwallon nan mai kamar gwanda, sai ya tsaya cak, ya damƙi kafaɗata.

"Yaro, ina ne nan?"

Na ce, "Garwa, Mushe."

Ya maimaita sunan kamar baƙo. Na so gudu, ya ƙi sakina. Haka na ja shi har gidansa.

Yau na tsufa, ina tsoron ranar da zan yi wa jikana wannan tambayar.